Ranar da Na Kai Inna Abuja Ganin Likitan Hanji

Ana idar da sallar asuba ranar Talatar da ta wuce muka bar unguwarmu Tudun Ƙofa a Keffi, mu uku a mota: ni, da mahaifiyata, da abokin aikina malamin lissafi, wanda ya rantse ba zai bari in cusa tsohuwa marar lafiya a motar haya ba. Motarsa ta tsufa, sai an lallaɓa ta take tashi, amma ranar nan bugu ɗaya ta kama, har shi kansa ya yi mamaki. Matata ta tsaya a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa tana yi mana addu'a. 

Ga abin da ya fitar da mu. Wata biyu ke nan Inna ta baro rugarmu da ke gaba da Gitata ta zo taya matata zaman jego. Da ƙarfinta ta zo. Sannu a hankali ta rage cin abinci, cikinta ya kumbura, sai matata ta raɗa mini cewa tana zargin gudawa ce, don kullum tana ganin Inna na wanke zane a ɓoye. Na je kemis na sayo ƙwayar tsayar da gudawa, muka yi mako uku muna ba ta. Da abin ya ƙi, na kai ta asibiti a nan Keffi. Likita ya danna cikin, ya ce yana jin wani abu mai tauri a gefen hagu, ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitan hanji a Abuja. Bai ambaci ciwon daji ba, bai ambaci tiyata ba, amma su biyun na kwana da su na tashi da su har kwana huɗu.

Hanya ta yi kyau har Uke. Inna tana baya, ta jingina kai da gilashi, hannunta ɗaya a kan ciki. Duk ramin da muka faɗa sai in waiga, ita kuma ta kawar da kai. Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban tuna ranar da muka haɗa ido muka yi hira mai tsawo ba. Haka na taso na gani, ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin matsala ba.

Duk inda ido ya kai an yanka filaye, an zagaye da bulo, an kafa allo da lambar waya. Inna ta dubi wani dogon shinge, ta ce wa abokina, ba ni ba, "Nan mun taɓa kwana da shanu." Ya ce, "Mama, yanzu ko akuya ta kwana a nan sai ta biya haya." Ta yi murmushi kaɗan. Wannan ne murmushinta na farko a mako guda.

Daga Masaka muka shiga gosulo. Wanda bai taɓa bin Mararaba da safe ba, bai san yawan mutanen da ke kwana a Nasarawa su yi aiki a Abuja ba. Ma'aikata da takalma a goge suna rige-rigen bas, 'yan acaɓa suna ratsawa ta inda ko kaza ba za ta bi ba, masu talla kuma har cikin taga suke miƙo maka kaya. Na sayi ƙosai mai zafi, ƙanana ƙwarai, kuɗin kuwa ninkin na Keffi. Na miƙa wa Inna, ta girgiza kai. Na miƙa ruwa, shi ma ta ƙi. Kusan awa biyu muka yi kafin mu wuce Nyanya, ina kallon agogo, ina tunanin yadda zan sanar da ƙannena idan aka ce yanka za a yi.

Asibitin yana da sanyi da tsabta, har Inna ta tsaya za ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Muka yanki kati, muka zauna a layi har rana ta ɗaga. Likitar matashiya ce mai fara'a, sai dai Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka aikin tafinta ya faɗo kaina. Ta ce in tambayi Inna yaushe rabonta da yin bayan gida sosai, ko tana fitar da iska, ko ta taɓa ganin jini.

Jama'a, ina koyar da aji mai ɗalibai saba'in ba tare da muryata ta yi rawa ba, amma a nan na kasa fassara wa Inna tambayoyin nan. Na dubi ƙasa na ce, "Inna, wai ya cikin?" Ita ma ta dubi ƙasa ta ce, "Da sauƙi." Na juya na faɗa wa likita da Turanci cewa ta ce ba laifi. Sau uku ana haka. Fuskar likitar ta canza. Ta ce tunda ga kumburi, ga rama, ga gudawar da ta ƙi tsayawa, za ta kwantar da ita a shirya zura mata na'urar leƙa hanji. Ta jawo takarda ta fara rubutu.

Akwai wata nas dattijuwa a gefe tana jera kaya, Hausarta irin ta mutanenmu na wajen Akwanga. Ta daɗe tana kallonmu. Ta ce, "Malam, kai ne ɗan farinta?" Na ce ni ne. Ta ce, "To fita waje. Ka je ka sha iska, mu mata za mu yi magana."

Na fita. Ban taɓa zaman da ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Abokina ya yi ta jawo hirar ƙwallo, ina amsawa ban san me nake cewa ba. Na ga an tura Inna ɗakin hoto a keken marasa lafiya, na ga an dawo da ita, an shiga wani ɗaki an rufe. La'asar ta kusa kafin nas ɗin ta leƙo ta yafito ni.

Likita ta nuna mini hoton cikin. Ashe ba gudawa ba ce ko kaɗan. Bayan gida ne ya taru ya bushe ya toshe hanya, ruwa yake bi ta gefensa yana fita, mu kuma muka ɗauka gudawa ce. Ƙwayar da na yi ta sayowa aikinta rage motsin hanji, wato da hannuna na ƙara ƙulle abin da ke ƙulle. Sun ɗura mata ruwan magani ta ƙasa, an samu fita, taurin da ke gefen hagu ya ragu sosai. Ta rubuta wani ruwan magani mai zaƙi da ke tausasa bayan gida, ta ce a daina waccan ƙwaya, a yawaita ruwa, da miyar ganye, da gwanda, da 'yar tafiya safe da yamma. Ta ce mu dawo bayan mako uku. Idan taurin bai ɓace ba, ko aka ga jini, dole a leƙa da na'ura. Saboda haka hankalina bai gama kwanciya ba, amma na iya numfashi.

A baranda nas ɗin ta tare ni. Ta ce, "Banɗakin gidanka a ina yake?" Na ce a ciki, kusa da falo, har da tayil, ina faɗa da ɗan alfahari. Ta ce, "Kai kuma a falon kake yini da takardun yara. Matar da ta saba shiga daji kafin kowa ya tashi, ta yaya za ta wuce ta gaban ɗan farinta ta shiga nan, kana jin ƙarar ruwa? Riƙewa take yi. Ruwan ma don haka ta daina sha."

 Kunya ta kama ni, da baƙin ciki. Shekara shida na yi ina gina gidan nan, kuma banɗakin nan shi na fara nuna mata ranar da ta zo.

A dawowa gosulon ya juyo tare da mu, duk waɗanda muka shiga da su da safe suna komawa gida. A Masaka abokina ya tsaya ya sayo gwanda biyu da lemo, ya ce nasa maganin ke nan. Inna ta karɓi gorar ruwa daga hannunsa ta sha kusan rabi, sannan ta yi barci har Keffi. Muka iso ana kiran magariba.

Abin da na koyo a tafiyar nan, kada mutum ya sayi maganin ciki da ka, don abin da ido ya gani ba lallai shi ne ciwon ba. Kuma in za ku kai tsohuwa asibiti, ku haɗa ta da wadda za ta iya buɗe wa baki. Ni dai na kira magini washegari, ya fara aikin banɗaki a bayan gida, can inda ba a hangowa daga falo. Kafin ya gama, kullum in na fita sallar asuba ba na komowa. Ina zama a teburin mai shayi, in yi ta juya cokali a kofi har rana ta fito, sai matata ta kira ta ce in taho. Mai shayin yana zaton faɗa muka yi da ita, har nasiha yake yi mini, ni kuwa ban gyara masa ba. Jiya da na shigo na tarar da Inna a tsakar gida tana cin tuwo da miyar ganye, ta cinye ta nemi ƙari. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ban tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ce mini komai ba.