Mita Talatin a Ƙarƙashin Tebur

Shekara ashirin da biyu Ummanmu tana aiki a wani ɗaki marar taga a jami'a, amma in aka tambayi Baba aikin matarsa sai ya ce tana kunna fitila. Ni na fi shi ƙoƙari duk da ban gama sakandare ba, don sau biyu ta zaunar da ni ta yi mini bayani, kuma sau ɗaya kawai na yi barci.

Akwai leza, wata doguwar na'ura mai tofo haske, wal, ta ɗauke. Akwai kyamara mai buɗe ido ta cafke hasken ta rufe. Sai wani tsohon kati a cikin kwamfuta da ke ba su umarni lokaci guda. Leza dai nawa gare ta, kamar Baba in an ce ya miƙo abu, sai ta yi jim kafin ta harba. Kyamara kuwa sarkin zumuɗi ce, in ba a riƙe ta ba, ta buɗe ta rufe kafin haske ya iso.

Da waya Umma ke riƙe ta. Baƙar waya mita talatin, a nannaɗe ƙarƙashin tebur, duk ƙura. Sai saƙon kyamara ya zagaye ta kaf sannan ya isa, kowace mita tana cinye kashi biyar cikin biliyan na daƙiƙa. Shi ya sa in na makara da minti goma take cewa wayar da za ta auna shiriritata sai ta naɗe duniya.

Bara aka kawo musu sabon Dokta, yaro ɗanye mai son tsafta, wanda ko biro sai ya jera bisa tsawo. Ya kira kusurwar Umma bola, ya rubuta takarda a mayar da ita Umman aiki a sito ƙarshen wata. Sito kuwa a wurinta kabari ne mai fanka: ka wuni kana ƙirga safar hannu.

Ta tafi jinyar ƙanwarta kwana uku. Da ta dawo ranar Litinin ta tarar ɗaki na ƙyalli, a madadin wayarta an sa wata 'yar shuɗiyar waya da ba ta kai kamu biyu ba, hotuna kuma duk sun fito baƙi ƙirin. Ga shugabannin jami'a za su zo kallo ranar Alhamis. Dokta ya riga ya kwance rabin leza yana zufa.

"Malama, lezar nan ta mutu," in ji shi.

"Allah ya jiƙanta, yallaɓai. Ina wayata?"

"Wannan tarkacen? Mai shara ya kwashe. Bar maganar waya, muna cikin matsala."

"To."

Wannan "to" ɗin mun san shi a gida. In ta yi shi, kowa neman takalminsa yake. Ta zauna ta fara kwashe kayanta a kwali, kofi, tabarau, kalanda, a hankali kamar mai shirya lefe.

Ranar Laraba Dokta ya gane leza lafiyarta lau, lokaci ne bai haɗu ba. Ya ce zai gyara a kwamfuta. Sai dai tsohon katin babban taku gare shi: ya ƙara ɗaya, kyamara ta makara, ya rage ɗaya, ta yi sammako. Ya yi ta danne-danne har la'asar, sannan ya juyo.

"Umma," ya ce. Yau ba Malama. "Mita nawa ce wayar nan?"

"Wace? Ai mu 'yan sito ba ma sanin waya."

"Don girman Allah."

"Talatin. Tana bayan banɗaki, mai shara na shanya tsumma a kanta."

Da kansa ya je, da farar rigarsa. Umma ta ce ta leƙa waje ta hango shi yana sauke tsummoki ɗaya bayan ɗaya yana ba mai shara haƙuri, shi kuma yana tambayar a ina zai yi shanya gobe. Da ya kawo, ta goge bakin wayar, ta jona, ta danna. Hoton farko ya fito tar.

Dokta ya daɗe yana kallon naɗin wayar, yana tunanin manyan baƙi.

"Ba za a iya ɓoye ta ba?"

"A cikin me?"

Ya samo akwatin ƙarfe mai kyau, suka cusa ta ciki, ya buga takarda ya manna: NA'URAR DAIDAITA LOKACI, KADA A TAƁA. Ranar Alhamis wani babba mai tumbi ya shafa akwatin ya tambaya daga wace ƙasa aka kawo ta. Dokta ya yi tari ya ce ai ƙwararriyarsu ce kaɗai ta san cikinta, ya nuna Umma. Babban ya ce lallai a riƙe matar nan da kyau.

Bayan sun fita ta miƙa masa takardar sito, ta ce ko zai duba, kamar akwai kuskure a ciki. Ya karɓa ya ninke ta huɗu ya sa aljihu, sannan ya taya ta fito da kaya daga kwali.