Saniyar da na zana a kan fatarta

Shekarun baya da dama, a farin nan da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ni ne annobar bangayen Sabon Birni. Saurayi ne ni lokacin, ba gona ba sana'a, sai gawayi cike da aljihu. Duk bangon da aka yi wa sabon yaɓe, kafin ya gama shan iska na sauke masa mota ko ɗan dambe ko raƙumi. Ina jin kaina gwani, alhali wani abokina kan ce raƙumin nawa ya fi kama da jimina.

Mahaifina kuwa malami ne, makarantarsa a ƙofar gida take, kuma kai ƙarata da ake yi ya ishe shi. Da aka fita roƙon ruwa aka dawo sama na nan tas, sai wasu suka fara cewa hotunan ɗan malam ne suka kori mala'ikun rahama daga gari. Ranar ya kira ni zaure ya ce, "In wani yas sake kawo ƙararka ga wanga zaure, ka nemi wani gida. Ka jiya?" Na ce na ji. Kowa ya san ba ya magana biyu.

Na daure iya daurewata, har ranar da na raka abokina kasuwar garin Isa muka ratsa ta wajen masu shanu. Can gefe na ga wata jar saniya mai dogayen ƙaho, haƙarƙarinta a waje, kan ƙahon hagu ya guntule, kunnenta da tsaga biyu. Wani dattijon Bafulatani na riƙe da igiyarta, ba wanda ya ko taya. Ita kuwa sai lasar hannunsa take yi.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Washegari da tsakar rana, kowa ya fake a inuwa, na samu bangon wani tsohon sito kusa da tasha na zana ta da gawayi da jar ƙasa. Amma ba yadda na gan ta ba. Na cika ta da tsoka, na ɗaga mata tozo, na sa mata hantsa cike da nono. Guntun ƙahon da tsagar kunnen kawai na bari yadda suke, don a zatona ado ne.

Bayan wasu kwanaki sai ga abokina ya faɗo ɗakina yana haki. "Kai, taka ta ƙare! Wani Bahillace na can gaban bangonka tun da sahe da sanda, yana tambayar wa yay yi zanen. Har an nuna mai gidanku."

Na rasa wanne ya fi ban tsoro, sandar Bafulatani ko alkawarin mahaifina. Ina laluben takalmi da niyyar in tsere Tsamaye wurin gwaggona, sai na ji sallama a zaure, na kuma ji an kira sunana.

Dattijon nan ne na kasuwar Isa. Ya ƙara ramewa, ga wani abu a naɗe a kafaɗarsa. Na durƙusa ina satar kallon sandar.

"Kai kaz zana ta?"

"Ni na, Baffa. A yi haƙuri."

"Tsagar kunnen ga shaidar gidanmu ta tun kakana. Cikin garke duka, ita ɗai tar rage min."

Ya sauke abin ya warware a tsakar zaure. Fata ce, busasshiya, ja, ga kunnen nan da tsaga biyu. Na yi tsammanin duka, na yi tsammanin zagi, ban taɓa tsammanin za a shimfiɗa mini saniyar a gabana ba.

"Ga hanyar Gatawa tak kasa tashi, niy yanka ta da hannuna," in ji shi. "Yadda kaz zana ta, haka take sadda akwai ciyawa. Ni kaina na mance kamarta sai da nig ga bangon ga. To bango ba ya bi na, kuma za ni kudu. Ka maido min ita nan bisa."

Ni dai mahaifina nake kallo, don zamana a gidan yana bakinsa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Bawan Allah, ƙara kak kawo?"

"A'a, Malam. Roƙo na."

"To." Ya miƙe, ya dube ni. "Maganata bisa hoton mai rai tana nan inda take." Ya shige gida.

Na kai fatar ɗakina, na juya bayanta na fara. Sai gawayin ya ƙi zama, da na shafa hannu ya goge. Na wuni ina fama har na soma hawaye, ƙato da ni. Da gari ya waye na buɗe ƙofa, sai ga kurtun tawada a bakin ƙofar da ƙullin ƙaro a gefe. Kurtun na san shi, wanda mahaifina ke rubutu da shi ne, ko taɓa shi ba a yi. Na kwashe su na koma ɗaki. Da ƙaron na dama jar ƙasa, da tawadar na fitar da ƙaho da ido, zane ya kama.

Da dattijon ya dawo, ya tsuguna gaban fatar ya kira ta da Fillanci a hankali, yadda ake kiran saniya ta zo tatsa. Ya share fuska da bakin rawani, ya naɗe abarsa ya saɓa. Ban sake ganinsa ba.

Labarin ya kai tasha. Direbobin manyan motoci na Isa suka fara nemana in yi musu zane a bayan mota, daga nan allunan shaguna, daga nan wani ya ja ni Sakkwato na koyi aikin fenti da burushi. Yau ina da wurin aikina, ana rataye zanena a manyan ɗakuna, ana tambayata a wace makaranta na koya. Nakan yi dariya, don a zauren nan na fara sanin cewa abin da nake yi da wasa yana iya zama abin da wani zai ɗauka ya tafi da shi in ya rasa komai.

Mahaifina bai taɓa sauya maganarsa ba, bai taɓa ɗaga ido ya kalli zanena ko ɗaya ba har Allah ya karɓi abinsa. Amma duk zuwan da na yi gida, in zan koma, sai na tarar da ƙullin ƙaro a cikin jakata.