Motar da Markus ya hana a taɓa

Da damanar bana shekara arba'in da takwas ke nan da aka binne Markus. Ni ce yarinyar da zai aura. Yanzu ina da jikoki, gwiwata ta hagu ba ta son matakalar coci, kuma waɗanda suka san fuskarsa a Kafanchan sun kusa ƙarewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tun akwai mai iya cewa ƙarya nake ko gaskiya.

A lokacin ina sabuwar malama a wata firamare ta mishan, ina zaune wurin gwaggota a bayan kasuwa. Ba abin da ya cika mini kai irin 'yan littattafan soyayyar nan na Turanci da ake shimfiɗawa a tabarma a bakin tashar jirgi. A bangonsu kullum akwai saurayi mai siririn gashin baki, da budurwa a gefensa, gyalenta yana tashi cikin iska. Nakan ɓoye su a cikin littafin waƙoƙin coci, in karanta har in haddace. Na yi imani da zuciya ɗaya cewa wata rana irin wannan mutumin zai tsaya a ƙofar makarantarmu. Da ya zo kuwa, ba ya tsaye. Yana kwance ne a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani, ya ce ba tare da ya leƙo ba, "Wanda ke tsaye nan, miƙo mini sifana."

Markus ɗan wajen Gwantu ne. Ya je yaƙin basasa a cikin sojoji masu aikin waya, ya dawo da tabo a bayan kunne da hannu mai saurin duka. Bayan an sallame shi ya sami aiki a tashar jirgin ƙasa, yana gyaran fitilun hannu da wayoyin tarho. Motar kuwa gawa ce ya samo wurin wani Baturen kuza da zai bar Jos, aka ɗoro ta a taragon kaya. Kujera biyu gare ta, ba rufi sai tamfol, kuma tana da ƙasa-ƙasa har kana iya taɓa titi da hannu daga inda kake zaune. Direbobin tasha suka yi ta dariya. Ɗaya ya ce, "Oga Waya, wannan akwatin gawa ne ko kwale-kwale? Buhun citta ɗaya ma ba zai shiga ba."

Wata da watanni yana kanta. Ya goge tsatsar da samfefa har fatar yatsunsa ta saluɓe. Ba shi da injin feshi, sai ya tsinka jan fenti ya zuba a famfon feshin sauro, yana bugawa yana zagaye ta, ya bari ta bushe, ya sake gogewa, ya sake fesawa. Ya zana farin layi biyu daga bonet har baya. Kujerun ya kai wa dukawa suka lulluɓe da jar fatar akuya, sitiyarin ya naɗe da tsirkiya. Sannan ya shiga abin da ya fi ƙwarewa. Ya ƙara manyan fitilu biyu a kan bamba, ya jera ƙananan kwararan fitila masu launi a gaban direba, ya sa rediyo, ya haɗa ham guda uku da ke kuka ɗaya bayan ɗaya kamar farkon waƙa. Ranar da ya fito da ita, mata suka bar tallarsu suka bi ta da kallo. Ni ce a kujera ta biyu. Na ɗaura gyale da gangan yadda iska za ta ɗaga shi.

Kwanan baya ina tsaye a bakin hanya a Kwoi, wani yaro ya wuce a babur da ya kewaye da fitilu shuɗi da kore har ƙarƙashin inji, waƙa tana tashi daga wani ɗan akwati. Na yi tunanin da Markus yana nan da ya tare shi, ya tsuguna, ya bi wayoyin da yatsa, ya ce masa aikin banza ne, ruwa ɗaya zai kashe su. Daga nan kuma ya kwashe yinin yana gyara masa kyauta. Haka yake. Zai ba ka yininsa duka, amma kada ka taɓa abinsa.

Nan ne littattafaina suka fara yi mini ƙarya. A cikinsu jarumi yakan yi faɗa sau ɗaya, saboda mace, kuma rigarsa ba ta ɓaci. Markus kuwa ya ajiye tsohon fanbel a ƙarƙashin kujera domin yaran da ke shafa fentin. Na ga ya zabga wa wani yaro a baya har fatar ta tashi. Wata Asabar kuma, a tashar mota, wani karen mota ya jingina da ƙofar yana cin rake, maɓallin wandonsa ya ja dogon layi a jikin fentin. Markus ya yo kansa. Ya kama shi ta ƙeya ya buga fuskarsa da bakin kwata, ya ɗago ya sake bugawa. Na ji ƙarar haƙori a kan siminti. Jini ya fantsama har kan farar rigata. Sai da maza huɗu suka taru kafin su ɓamɓare shi, yana huci, idonsa ba ya gane kowa, har ni.

Mako biyu ban yi masa magana ba. Da ya zo, ya zauna a dakalin gwaggota, ya ajiye hannayensa a kan gwiwa yana kallonsu kamar na wani.

"Tisha," ya ce, wato malama, haka yake kirana, "na gaji da dukan mutane. In na fara, ba ni ne ke tsayawa ba."

"To ka sayar da ita."

"In sayar da ke dai."

"Ni ban da fenti."

Ya yi dariya, sannan ya ce ya samo dabara. Motar ce za ta riƙa kore mutane da kanta, shi ba zai ƙara ɗaga hannu ba.

Dabarar ita ce wani tsohon koyil, abin ƙara ƙarfin wutar mota, da ya haɗa da batir, ya ja waya ɗaya zuwa bodin motar, wata kuma ya sake ta tana jan ƙasa. Makunnin yana ɓoye a bayan kujera, da igiya da yake ja ya kunna in zai fita, ya sake ja ya kashe in ya dawo. Duk wanda ya taɓa ƙarfen, wuta za ta ja shi. Ya sa na gwada da bayan yatsa, ina sanye da takalmi, na ji kamar harbin zanzaro. Wani karen unguwa da ya saba ɗaga ƙafa a kan wilin ya gwada sau ɗaya, aka ji kukansa har kasuwa. Cikin 'yan kwanaki duk Kafanchan ta sani, yara suka koma zuga junansu daga nesa. Fanbel ɗin kuwa ya jefa shi a wata rijiya da ba a sha. Gaskiya ne, daga ranar bai ƙara dukan kowa ba, ni kuma na ɗauka na iso babin da jarumi ke shiryuwa.

Yanzu kowace mota tana da abin da ke ihu in an taɓa ta, mai ita ya danna ɗan maɓalli daga cikin coci ta yi shiru. Da ya ga wannan da ya buga cinya ya ce shi ya fara. Da kuma na ce masa tasu ihu kawai take yi.

Ƙauyenmu yana bayan Kwoi, cikin gonakin citta, kuma labarin Kafanchan ba ya isa can. Ranar da zai zo gaisuwar iyaye, ni na riga shi zuwa da kwana biyu. An yi ruwa da safe, tsakar gida duk laka. Ya iso da hantsi tare da kawunsa Iliya, cikin sabuwar kwat, ham ɗin nan uku suna kuka tun daga rafi. Yaran ƙauye suka yo kanta a guje. Na hango shi ta tagar ɗakin da aka ajiye ni da gwaggonnina, ya miƙa hannu bayan kujera ya ja igiyar, kamar yadda yake yi kullum, ya daka wa yaran tsawa suka ja baya.

A wurinmu mai neman aure ba ya magana a gaban uban yarinya. Yakan tsuguna, kansa a ƙasa, kawunsa ne bakinsa. Haka Markus ya yi, ya ba motar baya. Babana kuwa dattijon ikilisiya ne, kuma duk sabon abin da ya shigo ƙauyen, keke ne, injin niƙa ne, ko jariri, sai ya ɗora masa hannu ya yi addu'a. In zai yi addu'a kuma yakan tuɓe takalmi. Bayan an gama gaisuwa ya miƙe ya ce, "Bari mu gode wa Ubangiji da ya kawo baƙinmu lafiya." Ya zare takalmansa, ya taka lakar da ƙafa, ya nufi motar da hannu biyu a miƙe.

Na ƙwala ihu daga ɗaki. Markus ya waiga. Ban taɓa ganin mutum ya tashi daga tsugune da irin wannan saurin ba. "Baba, kada!" ya ce, ya yi tsalle ya bangaje shi da kafaɗa daidai lokacin da tafin hannunsa ya sauka a kan bonet. Babana ya yi wata irin ƙara, ya faɗi da baya, kansa ya bugi dutsen niƙa. Jini ya malalo cikin farin gashinsa. Bai motsa ba.

Abin da yayyena suka gani ke nan: baƙo, tsohon soja, ya kayar da ubansu a tsakar gidansa. Ɗanladi, babbanmu, shigowarsa ke nan daga gona da fartanya a kafaɗa. Da ƙotar ya fara, a gadon baya. Ayuba ya ɗauko taɓarya. Maƙwabta suka shigo da abin da hannunsu ya samu, ba wanda ya tambayi abin da ya faru. Kawu Iliya yana ta cewa, "Ku tsaya, wuta ne, wuta ne a jikin motan!" wani ya mare shi ya faɗi. Na fizge daga hannun gwaggota na fito, ina faɗa musu da yarenmu, ina faɗa da Hausa, na kama rigar Ɗanladi, ya yar da ni gefe ba tare da ya san ni ba ce. Na ji lokacin da hannun Markus ya karye. Na ga bakin fartanya ya sauka a gefen kansa.

Mutumin da maza huɗu suka sha wuya kafin su riƙe shi bai rama ko sau ɗaya ba. Ya dunƙule a cikin laka, yana jan jiki zuwa motar. Suka ɗauka gudu zai yi, suka ƙara masa. Igiyar yake nema, domin yara sun fara matsowa. Ya ja ta da hannun da ya rage, sannan ya kwanta.

Wani ya fasa tankin da gatari, wani ya kawo bakin wuta daga murhu. Fentin ya yi ta ƙuna yana tashi kamar fatar da aka babbake, fitilun suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Cikin wannan hayaƙin ne babana ya buɗe ido ya tashi zaune, ya dubi tsakar gidansa, ya ce, "Me kuka yi?"

A bayan motar citta aka kai Markus asibiti a Kafanchan, kansa a cinyata. Ya yi kwanaki ba ya magana. Ranar da ya farfaɗo, bai tambayi motar ba. Ya ce, "Baba ya tashi?" Na ce ya tashi. Ya ce, "Ki gaya masa ban gaishe shi da kyau ba." Washegari da rana ya cika.

Abokansa na soja da danginsa sun taru da adduna za su tafi ƙauyenmu. Babana ne ya zo ya same su, kansa a naɗe da bandeji, ya tsuguna a gabansu kamar yadda ɗansu ya tsuguna a gabansa, ya ce in jini suke so ga shi, shi ne ya taɓa abin da bai tambaya ba. Kawu Iliya, da kumburarren kunci, ya tsaya tsakani har suka mayar da addunan. Ɗanladi ya yi shekaru a kurkuku. Ya fito ba ya iya haɗa ido da ni, kuma har ya mutu bai ƙara shiga gonar citta da fartanya ba, sai dai ya yi wa mutane dako.

Tun daga lokacin ƙasarmu ta ga jinin da ya sa na Markus ya zama kamar ɗigo. Na ga taro ya rufe mutum a kan kalma ɗaya da wani ya faɗa, yanzu har da masu ɗaga waya suna ɗauka. Ban san abin da zai ce ba. Ina jin zai gane fuskokin, domin ya taɓa zama cikin masu duka, ya kuma taɓa zama a ƙasa.

Na yi aure daga baya, da mutumin kirki mai keke, Allah ya ji ƙansa. Ba zan ce Markus waliyyi ba ne. Akwai wani tsoho a wani wuri da ba shi da haƙoran gaba saboda shi. Na motar kuma ko ƙusa ba ta rage ba, maƙera sun kwashe ƙarfen tun a shekarar. Abin da ya rage a gidanmu ne. Babana ya ƙara shekara goma sha wani abu a duniya, kuma kowace safiya yakan tara mu ya yi addu'a, yana kiran 'ya'yansa da suna daga babba zuwa ƙarami. Mu bakwai ya haifa. Daga wannan damanar ya koma kiran takwas: Ɗanladi, Ayuba, sannan Markus, kafin ya zo kaina. Ayuba yana durƙushe a wurin, kuma dole ya ce amin.