Yayan Zuhra a Kan Dutsen Ƙanƙara

Anti Azumi ba ta shiga kicin da tabarau sai in saƙon mutum ɗaya ne ya shigo wayarta. Na fi wata uku a gidan kafin na lura. In wayar ta yi ƙara a falo, sai ta leƙa, ta kife ta a cinya, ta ci gaba da hira. Can an jima sai ta ce bari ta duba tukunya, ta ɗauki tabaran karatunta ta shige. Sau da yawa babu komai a kan wuta.

Gida ɗaya muke haya a unguwar Taman Melati, hawa na tara, a ƙasar waje da muka zo karatu. Ni ina digiri na biyu, ita tana shekara ta uku a digirin digirgir. Malama ce a wata kwalejin ilimi a Kano, shekara goma sha takwas tana koyar da kimiyya kafin tallafin ƙaro karatu ya fito mata, ta baro maigida da yara ta taho. Duk Asabar da sassafe takan je kasuwar Chow Kit ta sayo kuɓewa da attaruhu da busasshen kifi, ta dawo tana mitar cewa kifin ƙasar nan gishiri ne kawai da ƙaya. Sauran kwanaki tana kan babi na huɗu, wanda malamin da ke duba aikinta ya dawo mata da shi har sau uku.

Matan gida Najeriya da ke unguwar, Maman Zuhra suke ce mata. Amma Zuhra ba ita ce ta fari ba. Akwai namiji a gabanta, yana karatun injiniya a Japan. Anti Azumi kuwa tarbiyyar da gare ta, tana kunyar ɗan fari: ba ta faɗar sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Tana yaye shi mahaifiyarta, Hajiya, ta ɗauke shi, a Dambatta ya tashi. Shi ma Anti yake ce mata. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce Yayan Zuhra. Haka ma ta ajiye lambarsa a waya. Ban taɓa jin sunansa ba, kuma ban iya tambaya ba.

Shi ya san halinta, don haka ba ya jira a tambaye shi. Abin da ya ci, ɗakin da ya koma, jarrabawar da ya rubuta, duk turowa yake. Ita kuma ta amsa da “To” ko “Madalla”.

Wata Asabar a watan Janairu, maƙwabciyarmu Maman Adnan ta shigo a yi waina tare. Wayar Anti Azumi tana kan tebur tana ta ƙara. Maman Adnan ba ta san kara ba, ta ɗauka ta buɗe.

“Maman Zuhra, zo ki ga ɗanki zai karyo mana ƙafa!”

“Ni ’yata tana Kano,” in ji Anti daga bakin kicin.

“To ɗan Hajiya. Rufaida, matso ki gani. Kai, Bahaushe bai bar komai ba! Mutumin da sanyin randa kaɗai ya sani a Dambatta, wai shi ne a kan dutsen ƙanƙara.”

Na matsa. Bidiyo ne. Yana zaune a wata kujera da ke rataye a igiyar ƙarfe, tana hawa da shi dutse. Ƙasa ta yi fari fat, bishiyoyi sun sunkuya saboda nauyin ƙanƙara. A ƙafafunsa an ɗaure dogayen falankai biyu sirara, na zamiya. Hayaƙi yana fita daga bakinsa in yana magana.

“Anti, hanyoyin nan kala-kala ne. Kore na ’yan koyo, ja na masu ɗan hannu, baƙi sai wanda ya ƙware. Bara kore na yi ta bi ina shan ƙasa. Yau baƙi zan bi.”

A bidiyo na biyu ya maƙala kyamara a ƙirji. Gangaren kamar mutum ya leƙa daga saman bene. Ya sake jiki, ya karkata dama, ya karkata hagu, ƙanƙara tana tashi kamar ana sheƙe gari, ba ka jin komai sai iska da numfashinsa. Da ya isa ƙasa ya fashe da dariya yana kabbara.

“Aikin banza,” in ji Anti. Ta zo ne ɗaukar ludayi, ta tsaya a bayanmu, idonta a kan labule.

Na uku gajere ne. Yana tsaye a bakin wata ’yar ƙofa, bayanta kurmi. “Nan ba a share hanya, tsakanin bishiyoyi ake bi. Ƙanƙarar laushi gare ta, har gwiwa. Abokaina sun sauka cin abinci, sau ɗaya zan bi in same su. Na kunna miki taswira, Anti, ko da ba za ki duba ba.”

Wani shuɗin ɗigo mai nuna inda yake ya bayyana a taswirar, yana gangarowa a hankali. Maman Adnan ta ajiye wayar, muka koma kan tanda. Ƙarfe sha biyu saura kwata Anti ta ce bari ta duba miya, ta ɗauki tabarau. Wannan karon ta daɗe.

Da na shiga ɗaukar mai, na same ta tsaye da wayar. Ba ta ɓoye ba.

“Rufaida, abin nan in ya tsaya, me ke nan?”

Ɗigon yana tsakiyar kurmin. A ƙasansa an rubuta cewa minti ashirin ke nan bai motsa ba. Na ce wataƙila babu sabis. Na kira lambar, a kashe. Muka jira rabin awa, na sake kira, a kashe. Ba mu da lambar abokansa ko ɗaya. Maman Adnan ta sauke tanda ta ce, “Relax lah, ku kwantar da hankali, yara ne, yana can yana cin abinci,” amma ita ma ba ta ƙara zuba ƙullu ba.

Japan tana gabanmu da awa ɗaya, kuma na duba na ga a can rana tana faɗuwa tun huɗu da rabi a wannan watan. Wato uku da rabi namu. Ban faɗa ba, amma Anti malamar kimiyya ce. Ta kalli agogon bango, na ga tana lissafi da leɓe.

Sunan dutsen yana jikin taswirar. Na nemo lambar masu ceto na wurin, na kira, na sa a sifika. Wata mata ta ɗauka, Turancinta kaɗan-kaɗan. Na yi mata bayani. Ta ce to, mene ne cikakken sunansa, yadda yake a fasfo?

Na kalli Maman Adnan. Ta kalle ni. Sai a lokacin muka gane babu wadda ta sani a cikinmu.

“Anti, sunansa,” na ce.

Ta buɗe baki. Na ga harshenta ya motsa, amma babu abin da ya fito.

“Maman Zuhra!” Maman Adnan ta dafa ta. “Yau ba ranar kunya ba ce. Yaro yana cikin ƙanƙara, ki faɗa mana!”

“Ina ƙoƙari,” in ji ta, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba.

Matar tana ta cewa halo, halo. Na roƙe ta ta ɗan jira. Anti ta waiga, ta jawo babi na huɗu daga kan tebur, ta ɗauki fensir. Ta danna shi har bakinsa ya huda takardar. A gefen shafin, kusa da jan biron malaminta, ta rubuta: Muntasir Lawal Dambatta. Na karanta wa matar harafi-harafi. Anti ta juya mana baya har na gama.

Sai matar ta tambayi irin kayan da ke jikinsa. Na fara laluben bidiyon, amma Anti ta riga ni, ba ta ko juyo ba.

“Rigar ruwan lemo ce, da baƙin layi a kafaɗa. Aljihun hagu a ɗinke yake da baƙin zare, zif ɗin ya lalace. Hular kwanonsa shuɗiya. Ta ƙofa mai lamba uku ya shiga, akwai allo a bayansa.”

Maman Adnan ta saki baki. Na koma bidiyon, ga allon nan, ɗan ƙarami a kusurwa. Rigar kuwa, daga baya na ji, ita ta sayo ta a shagon gwanjo a Chow Kit, ta ba wani ɗalibi ya kai masa, ta ce ya ce Zuhra ce ta aiko.

Matar ta ce za su tura mutane, za su kira mu. Daga nan babu sauran abin yi.

Maman Adnan ta fara duba tikitin jirgi, sai ta tuna babu biza, ta ajiye. Aka kira azahar, muka yi salla, sujadar Anti ta yi tsawo har na ɗago na leƙa. Ta ce kada a kira Kano tukuna, me za a ce musu? Fanka tana juyawa, zufa tana karyo mana, ƙullun waina yana ta kumbura a roba har ya fara zubowa. Ta taga ana hango jirgin ƙasa na LRT yana wucewa duk bayan ’yan mintuna, mutane suna harkarsu.

Wajen biyu da rabi na rasa Anti a falo. Tana kicin, ta buɗe saman firij inda ake daskarar da nama, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙanƙarar da ke jikin bangon. Ta daɗe a haka. Da ta cire, hannun ya yi ja.

“Minti biyu ma ban iya ba,” ta ce. Na rufe firij ɗin.

Uku da minti goma wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar namiji ce, a shaƙe, da Hausa. Shi ne. Ya ce a gindin wata bishiya ƙanƙara ta rufta da shi har ƙirji, gwiwarsa ta murɗe, falankin ya maƙale a ƙasa. Wayarsa da cajinta, amma sanyi ya kashe ta. Ya yi ta ihu har muryarsa ta tafi. Rigar ce masu ceton suka hango. Yanzu za a sauka da shi asibiti, suna zaton sai an yi wa gwiwar aiki.

“A ba ni Anti,” ya ce.

Ta karɓa da hannu biyu.

“To,” ta ce. “Allah ya kiyaye gaba.” Yana ta magana, tana saurare. “Ka ci abinci? To. Ka kira Hajiya da kanka, kada ta ji a bakin wani.”

Ta miƙo mini wayar.

“Shi ke nan?” in ji Maman Adnan, tana share hawaye da bakin mayafi. “Awa uku kina mutuwa a tsaye, shi ne ‘ka ci abinci’? Wallahi ke sai Allah.”

“To me zan ce?” Ta zauna a bakin kujera. “Wa zai zauna da shi a asibitin? Ko ruwa wa zai miƙa masa?”

Ta jawo babi na huɗu, ta yage gefen shafin a hankali, ta ninke ’yar takardar, ta sa a gidan tabaranta. Hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, kamar yadda yake yi da yamma. Ta tashi ta fita baranda, ta fara kwashe shanya.