Ranar da na kira sunansa a ƙofar makarantar mishan

Shekarun baya, muna yara a unguwar Nima, ina da aboki da muke zama kan buzu ɗaya a makarantar allo. A boko ma ajinmu ɗaya, irin makarantar gwamnati da ake raba yini biyu: wannan mako safe, wancan mako rana, mutum uku a benci.

Mahaifiyarsa tana yi wa wata malama 'yar ƙabilar Ga wanki. Malamar ta ga yaron yana da kai, sai ta rubuta shi a makarantar mishan da take koyarwa, a matsayin ɗan 'yar'uwarta, da sunan Kirista. A wancan lokacin, ɗan Zango, wato ɗan unguwar Musulmi irinmu, da sunansa na yanka ba ya samun kujera a can cikin sauƙi. Kuma da an gano, korarsa za a yi.

Na roƙi mahaifina a yi mini haka. Ya ce, "Rago na yanka a kan sunanka. Ba zan sayar da shi saboda teburi ba."

Ni ne fa nake zuwa na ɗaya, shi na huɗu. Amma shi ke wucewa ta ƙofar gidanmu da farar safa da littafi nasa shi kaɗai. Safar nan ta fi komai ƙona mini rai.

Wata Talata da muke makon rana, na taka har ƙofar makarantarsu. Da aka tashi tara, na hango shi cikin 'yan ajinsu, na ɗaga murya na kira sunansa na gida, har da na mahaifinsa. Na ga wuyansa ya ƙage. Bai waiwayo ba.

Wani malami ya matso ya ce mini da Turanci, "Wa kake kira? Nuna mini shi."

Yatsana ya riga ya fara tashi. Sai na ce na yi kuskure, wanda nake nema ba ya nan. Zan so in ce tausayi ne ya hana ni. Gaskiyar ita ce, hannun mahaifiyarsa na tuna, hannun da ya saba matse bargo.

Abokina ya gama, ya wuce jami'a. Ni kuma na lallaɓa ta karatun yamma har na samu aikin karanta sanarwa da Hausa a rediyo. Ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Da mahaifiyarsa ta rasu a unguwar Mamobi, ya zo da kansa ya miƙo mini takardar sanarwa. Na duba, babu sunan mai sanarwa.

Na ce, "Malam, wane suna zan karanta?"

Ya ce, "Wanda ka yi ihu da shi a ƙofa. Da shi ta san ni."

Na karanta shi sau biyu, a tsanake. Shekara ashirin yana amsa sunan aro kafin ya samu ilimin da ya kamata a ba mu duka da sunayenmu na yanka. Na san haka sarai. Duk da haka, da ya juya zai fita, ƙafarsa na kalla. Safar fara ce.