Ranar da Aka Auna Muƙamuƙin Baba

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Batsari. Tun tasowata ban taɓa ganin ya sayar da tsire ba sai ya fara ɗanɗana tsinke ɗaya da bakinsa. A daminar da haƙoransa na ƙasa suka soma girgiɗi, ina koyarwa a wata firamare a Safana. Na zo gida wata Juma'a na tarar yana juya tsoka a baki kamar mai tsotsar alewa, ya kasa taunawa.

Na ce, "Baba, mu je Katsina a duba."

Ya ce, "Tsufa ne, ɗiyata. Mi likita zai yi ma tsufa?"

Sai da wani abokin fawarsa ya ba shi labarin yanzu ana dasa haƙori a cikin ƙashi, ya zauna daram kamar na Allah, sannan ya yarda.

Har yau in na tuna tafiyar nan, sama-sama nake ganinta kamar mafarki. An yi ruwa da asuba. Gero ya fid da kai hagu da dama, tururi yana tashi daga kwalta, shanu suna tsaye a cikinsa kamar ba su taka ƙasa ba. A haka muka isa asibitin haƙori a Katsina.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta rusuna ta gaishe shi, ta kwantar da kujerar da shi a kai. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai layi-layi, tana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, tana faɗin lamba, nas tana rubutawa. "Uku. Huɗu. Bakwai. Bakwai." Muryarta ƙasa-ƙasa, fanka tana juyawa, har gyangyaɗi ya fara ɗibata. Daga baya ta yi mana bayani: gwargwadon zurfin da ƙarfen ya shiga, gwargwadon abin da ciwon dasashi ya ci.

Aka ɗauki hoton ƙashin, ta buɗe shi a kwamfuta. Haƙora farare suna shawagi a cikin duhu, saiwoyinsu dogaye, ƙashin kuma can ƙasa kamar hayaƙin da ya kwanta. Ta ja layi da yatsa.

"Baba, nan ya kamata ƙashin ya kawo. Ga inda ya tsaya yanzu."

Ya tashi zaune, ya gyara hula, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," in ji shi. "Kan rago nawa na fasa a rayuwata. Na san muƙamuƙi ciki da bai. Ban taɓa zaton zan ga nawa ina da rai ba."

Ya tambayi maganar dashen. Ta ce ƙashin da ya rage ba zai riƙe ƙarfen dashen ba, sai an yi masa ciko an jira watanni. Na zaci ransa zai ɓaci. Murmushi kawai ya yi, ya ce a bar shi haka, a gyara waɗanda za su gyaru.

Ta cire haƙora biyu, ta wanke sauran har gindi, ta koya masa yadda zai riƙa goge su. Bayan wata shida muka koma, aka sake aunawa. Ƙashin bai dawo ba, amma ya daina ja da baya.

A tasha ranar ya ga mai gasa masara, irin ta noman rani, ya ce in sayo masa ɗaya. Ya riƙa ɓantarar ƙwayoyin da babban yatsa, yana kai su gefen dama yana taunawa a hankali. Muna shiga Batsari ana kiran la'asar, bai ko kai rabinta ba.