Faston Gado na Biyu

Tun da nas ta ce fasto zai zo, Inna ta damƙe bargo har wuya. Kwana uku ke nan da yi mata aiki a wani asibiti a garin Bron, can ƙasar waje, ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa, ga shi an ce baƙon namiji zai shigo wurin Mama Rifkatu ta gado na biyu. Zuwaira, 'yar Inna, tana ta jan labule, labulen kuwa bai kai ba.

Sai ga mace a bakin ƙofa. Gajera ce, furfura ta cinye kanta, hular keke a hannu, farar kwala ta fastocin Angilika a wuya. Takalmanta sun sha hanya. Zuwaira tana kallonta tana ƙiyasi: wannan ta girmi kwalar nan nesa ba kusa ba, ƙila ta yi shekaru tana share coci tana jiran ranar da za a yarda mace ta tsaya gaba.

Matar ta hango dardumar salla a ƙasa, ta kewaye ta a hankali. Ta durƙusa gaban Mama Rifkatu, ta riƙe hannunta, tana addu'a ƙasa-ƙasa, tsohuwar da ta wuni nishi ta yi shiru.

Inna ta saki bargo.

"Ashe mace ce," in ji ta. "Ke Zuwaira, kina kallo baƙuwa na durƙushe? Miƙa mata kujera."